Ɓatan Watan Uwar Biyar

Duk wanda ya san gidan Likitan Shanu ya san ba a musu da maigidan a kan ciki. A yi musu da shi a kan ƙwallo, ko a kan za a yi ruwa gobe, zai yi dariya ya bar wa mutum. Amma in ya zagaya saniya sau ɗaya, ya tsuguna ya dubi hantsarta, ya dafa kwiɓinta ya ce, "Wata huɗu," to mai saniya ya koma gida ya fara ƙirga kwana. Abokan aikinsa sai sun zura doguwar safar hannu sun laluba kafin su yi magana. Shi da ido yake yi, safar don ya rufe bakin masu gardama ce kawai. Shekara talatin yana yawo daga wannan garke zuwa wancan, kuma da bakinsa yake cewa bai taɓa kuskure ba. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa.

Matarsa kuwa, unguwa gaba ɗaya Uwar Biyar take ce mata, tun ranar da ta haifi Auta shekara goma sha bakwai da suka wuce. Yanzu tana da arba'in da bakwai, 'ya'ya sun watse, wasu aure, wasu aiki, Autar ma tana makarantar kwana. Gidan ya yi faɗi har mutum yana jin ƙarar agogon falo daga kicin.

Akwai abin da Uwar Biyar ta iya wanda ba kowa ya sani ba sai makiyaya. Shekara tara da suka wuce gwiwar Likita ta fara ba shi wahala, taka kuloci ya zame masa azaba, sai ya koya mata tuƙa tsohuwar a-kori-kurarsa don ta riƙa kai shi garke. Ya koya mata ne da faɗa da salati, ta koya da kuka da gardama, amma ta koya. Ta yi lasisi. Ta kai matsayin da take fitar da motar nan daga taɓo da baya, alhali maza huɗu sun tsaya suna ba ta shawarar da ba ta tambaya ba.

Makarantar 'yan mata da ke ƙarshen layinsu ta sayi ƙaramar bas mai kujera goma sha takwas, iyaye kuma suka ce mace suke so ta riƙa ɗauko musu yara. Shugabar makarantar, wata siririyar mata mai tabarau a goshi, ta taɓa ganin Uwar Biyar ta cusa a-kori-kura tsakanin wata tifa da kwata ba tare da ta goge ko fenti ba. Ita da kanta ta zo har gida.

"Aikin naki ne in kina so," in ji ta. "Takardar lafiya kawai za ki kawo min daga likita, ido da jini da sauransu. Ki kawo nan da sati biyu, don in ba ke ba sai na nemi wata."

In tana so! Uwar Biyar ta raka baƙuwarta bakin ƙofa cikin natsuwa irin ta manya, ta dawo ta rufe ɗaki ta yi rawa ita kaɗai har ɗankwalinta ya faɗi. Shekara ashirin da takwas tana wanki da goyo da jiran wani ya dawo daga makaranta. Ba ta yi nadamar ko kwana ɗaya ba, amma tana son makullin da ba aro ba, tana son ta fita da safe a ce ta tafi aiki. Tana so sosai, har kunyar yadda take so take ji.

Matsala ɗaya ce, kuma ta daɗe tana kawar da kai daga gare ta. Wata uku ke nan ba ta ga al'adarta ba.

Washegari da safe tana zuba masa shayi, zufa ta keto mata daga ƙirji zuwa fuska kamar an buɗe murfin tukunya. Ta ajiye buta ta hau fifita da murfin kwano. Likita ya ɗago daga burodinsa ya zuba mata ido. Ya ture kofin, ya miƙe, ya goya hannu a baya, ya zagaya ta sau ɗaya a hankali.

"Lafiya kake zagaya ni?"

"Tsaya tukuna."

"Ni ba karsana ba ce, Likita. Koma ka sha shayinka."

"Kin ƙara jiki," ya ce, yana magana da kansa. "Ga saurin fushi. Jiya kin yi faɗa da tsintsiya. Ga barcin rana. Ga zufa." Ya tsaya a gabanta, ya rage murya duk da ba kowa a gidan. "Uwar Biyar, kin yi ɓatan wata?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ɗaga yatsu uku.

Ya ja dogon numfashi, ya gyaɗa kai irin yadda yake yi wa makiyaya. "Wata uku," ya ce. "Ko da 'yan kwanaki."

Wata matar da dariya za ta yi. Amma Uwar Biyar ta zauna a bayan sitiyari shekara tara tana kallon mutumin nan yana faɗin wannan kalma a kan ɗaruruwan shanu, tana kuma komawa garken nan bayan watanni ta tarar da maraƙi yana tangaɗi a turke. Da ya faɗa a kanta, sai ta nemi kujera ta zauna. Ta tuna allurar tazarar haihuwa da ta daina shekara biyu da suka wuce, don a ganinta an wuce wurin. Ta tuna haihuwar Auta, jinin da ya ƙi tsayawa, leda huɗu da aka ƙara mata, da likitan da ya ce musu daga wannan a rufe. Ta kuma tuna bas mai kujera goma sha takwas.

"Akwai ɗan tsinken gwaji a kantin magani," ta ce da ƙaramar murya. "Ko za ka sayo?"

"A gidana?" Likita ya dafe ƙirji. "Mai kantin nan ni na duba masa tumakinsa bara. In je in ce ya ba ni tsinke ya faɗa min abin da idona ya gani? Gobe ai sai labari ya kai garke."

Ita ma ba za ta iya zuwa ba. Yarinyar da ke tsaron kantin ajinsu ɗaya da Auta a firamare, kuma bakinta ba ya da murfi. Ga babbar 'yarta, wadda kowa a gidan har iyayen ke kira Yaya, tana ɗauke da cikin wata takwas, jikan fari. Ina Uwar Biyar za ta sa fuskarta? Haka mutum biyu masu hankali, ɗaya har da takardar shaidar karatu a bango, suka zauna a kan maganar da fitsari cokali ɗaya zai warware.

Likita ya shiga murna, ko dai abin da ya yi kama da murna. Yana fito a banɗaki. Yana kiranta Uwar Shida in ba kowa, ita kuma tana jifansa da abin da ke hannunta. Sai dai ta lura ya daina cinye abincinsa, kuma sau biyu ta kama shi tsaye a tsakar gida da makullin mota a hannu ya manta inda za shi.

Kwana na biyar ta ga jini. Ɗan kaɗan ne, ya ɗauke da yamma, ya dawo bayan kwana biyu da ɗan yawa, ya sake ɗaukewa. Da ta faɗa masa, fiton ya tsaya cak.

"In saniya mai ciki ta yi haka, hutu ake ba ta," ya ce. "Inuwa, ruwa mai yawa, ba kora, ba tafiya mai nisa. Hau gado."

"Asibiti fa?"

"A wannan hanyar mai ramuka? A girgiza ki a mota? Bari ya tsaya tukuna."

Ya kwantar da ita, ya jera matashi biyu a ƙarƙashin ƙafafunta. Ya ƙwace tsintsiya, ya ɓoye bokiti, ya soke zuwa garke uku. Ya shiga kicin ya dafa shinkafa wadda samanta tsakuwa ce ƙasanta gawayi, ya kawo mata a faranti da cokali da fuskar mai jiran yabo. Kowane awa ɗaya sai ya leƙo da kofin ruwa.

"Saura dusa," ta ce masa a rana ta uku. "Ka kawo min dusa da harawa, ka ɗaura min igiya a ƙafa, aiki ya kammala."

"Ki yi ta ba'a. Saniyar da ke da bakin ba'a ai da sauƙi."

Ta yi dariya, don ba yadda za a yi mutum ya ga Likitan Shanu da zanin girki ɗaure a ƙugu bai yi dariya ba. Amma kwanaki suna tafiya. Ranar Alhamis da hantsi ta ji ƙahon sabuwar bas a layi, wani makanike yana gwada ta, ya wuce ta gindin tagarta yana canza giya kamar mai jin haushin motar. Uwar Biyar ta ji kukan giyar nan har cikin haƙoranta. Ta juya ta fuskanci bango ta yi kuka na gaske, na tsoron mutuwa da na baƙin cikin aikin da ya zo har ƙofa zai koma. A ranta ta riga ta tsara abin da za ta faɗa wa shugabar makaranta: na gode, Allah bai yi ba.

A haka Yaya ta same ta. Ta shigo tana tura ciki a gaba, hannu ɗaya a ƙugu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwarta da ƙafafu a sama da ubanta da ludayi.

"Umma, me ya same ki? Baba, me ya sa ba a kira ni ba?"

Iyayen suka dubi juna. Likita ya yi gyaran murya ya ce shinkafa za ta kama, ya gudu. Uwar Biyar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi maganar daga ƙarƙashinsa.

Da ta leƙo, sai ta ga Yaya ta jingina da bango, ta tallafe cikinta da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba.

"Dariya kike yi min? Don ubanki dariya kike yi?"

"Umma, yi haƙuri, wayyo cikina. Wato ɗana zai girmi kawunsa." Ta share ido, ta zauna a bakin gado da ƙyar. "To wane asibitin ne ya faɗa? Me hoton ya nuna?"

"Babanki ne ya faɗa."

"Baba ya faɗa. Da me ya auna?"

"Ya zagaya ni."

Nan dariyar ta ɗauke daga fuskar Yaya. Ta tambayi kwanakin jinin, ta tambayi yawansa, ta ƙirga a yatsu, sannan ta ɗaga murya yadda za a ji a kicin. "Baba! Mace na zubar da jini kwana shida ka ajiye ta a gida kana ba ta ruwa? In cikin ne ai ya fi zama dole a je. In ba shi ba ne kuma ai sai a san mene ne. Gobe ranar awona ce. Ƙarfe bakwai za mu fita, mu uku."

Daga kicin aka ce, a hankali, "To."

Da safe Likita ya tuƙa su, yana lallaɓa kowane rami kamar yana ɗauke da ƙwai, har masu keke suna wuce su. A bakin asibiti ya ce zai jira a mota, sashen mata ba wurinsa ba ne.

Dogon benci ne a baranda, fentinsa ya goge a wurin zama, mata sun cika shi da katunansu a hannu. Uwar Biyar ta zauna a ƙarshe ta ja mayafi har hanci. Ba ta yi minti biyar ba wata mai goyo da ke gefenta ta dubi cikin Yaya ta dube ta.

"Mama, 'yarki kika rako?"

"Ita ta rako ni," in ji Uwar Biyar, don ƙarya ba ta zauna mata a baki.

"Ɓatan wata ne," Yaya ta ƙara, ba wanda ya tambaye ta. "Wata uku."

Uwar Biyar ta mintsine ta a cinya. Amma maimakon kallon da take tsoro, sai bencin ya ɗauki magana kamar an kunna rediyo. Mai goyon ta ce ita wata goma sha ɗaya ba ta ga komai ba tun da ta haihu, surukarta har ta fara yi mata gorin kwanika, ashe shayarwa ce kawai ta riƙe shi. Wata budurwa mai jakar littattafai, wadda uwarta ke zaune kusa da ita da fuska a ɗaure, ta ce nata ya tsaya ne tun da jarrabawar ƙarshe ta matso, ba ta ci ba ta barci, ta rame har siket yana zamewa.

"Sati biyu ban yi mata magana ba," uwar ta ce, tana kallon ƙasa. "Na zarge ta. Da aka gwada aka ce damuwa ce da rashin ci, ni na ba ta haƙuri a gaban nas. Yau mun dawo a ga ko ta ƙara nauyi."

Wata ƙatuwar mata mai sayar da yadi ta ce su bar wannan, su ji nata. Shekara guda jini yana yi mata wasa, yau ya zo kamar an fasa tulu, gobe ya ɓace wata biyu, cikinta kuma yana tasowa har abokan kasuwa suna yi mata barka. Da aka ɗauki hoto, ƙari ne a mahaifa. An cire, ga ta nan garau, ta zo a duba ɗinki ne.

"To ke wa ya ce miki ciki ne, Mama?" mai yadin ta tambaya.

Yaya ta buɗe baki, aka sake mintsininta, amma ta riga ta faɗa. "Babanmu. Likitan shanu ne."

Bencin ya kwashe da dariya, sai da nas ta leƙo ta ce a yi wa marasa lafiya shiru. Uwar Biyar ta tarar mayafinta ya sauka kafaɗa, ita ma tana dariyar har da riƙe ciki, kuma a karon farko cikin kwana goma sha ɗaya wani tunani ya shigo mata: ashe mutumin nan zai iya yin kuskure.

Likitar mata ce, mai furfura a gaban goshi da alƙalami uku a aljihu. Ta saurari labarin duka ba ta katse ba, sai dai a wurin zagayawar ta cije leɓe ta duƙar da kai tana rubutu. Ta aika Uwar Biyar da ɗan kofi, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta kwantar da ita ta shafa mata wani mai sanyi a mara ta ɗora na'urar hoto. Uwar Biyar ta ƙura wa silin ido tana addu'ar da ita kanta ba ta san me take roƙo ba.

"Babu ciki, Mama," likitar ta ce. "Fitsari ya ce babu, hoto ya ce babu. Mahaifarki lafiya lau, ba ƙari, ba kumburi. Tashi ki gyara."

"Babu?"

"Babu ko alama."

"To wata ukun fa? Da jinin?"

Likitar ta koma kujerarta. "Shekarunki ne suka kawo ki bakin daina al'ada. Ba ta tafiya rana ɗaya. Sai ta yi 'yan shekaru tana zuwa tana fashi, wani lokaci ɗigo, wani lokaci da yawa. Zufar da ke taso miki, da fushin, da nauyin jiki, duk tafiyarsu ɗaya. Jinin da aka ɗiba zan duba ko kin yi ƙarancinsa, in kuma duba wata 'yar halitta da ke maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. In ta yi sanyin aiki ko ta yi gaggawa, ita ma tana rikita al'ada, kuma ƙwaya ce maganinta. Ki dawo Laraba ki ji."

Ta ɗaga alƙalami ta nuna ta da shi. "Abu biyu kuma. In jini ya yi yawa, ko ya ƙi tsayawa, ko ya dawo bayan kin shekara ba ki gani ba, nan za ki zo a ranar, ba gado za ki hau ba. Na biyu, sai kin cika wata goma sha biyu cur babu al'ada kafin a ce an rufe. Kafin nan ciki yana iya shiga. Ki biya ɗakin tazarar haihuwa kafin ki fita, kada maigida ya zo ya yi gaskiya a karo na biyu."

Uwar Biyar ta so ta yi dariya, sai ga hawaye. Ta yi mamakin kanta. Ta samu abin da take so, an sauke mata dutse daga ƙirji, amma jin an ce wannan ƙofa tana rufuwa ya taɓa wani wuri da ba ta san yana nan ba. Ta tuna nauyin jariri mai barci a kafaɗa da ƙamshin tsakiyar kansa. Likitar ta miƙo mata takardar share hawaye, da alama ta saba gani. Can aka ji muryar Yaya a baranda tana gardama da nas a kan layi, Uwar Biyar ta tuna saura wata guda a ɗora mata wani a kafaɗar, wanda in ya yi kuka za ta miƙa wa uwarsa. Ta fyace hanci, ta buɗe jaka, ta zaro takardar makaranta da ta ninke huɗu.

"Likita, wannan abin zai hana ni tuƙi?"

"Tuƙin me?"

"Bas. Ta 'yan makaranta."

Likitar ta dube ta da kyau, ta karɓi takardar ta warware. Ta sa ta rufe ido ɗaya ta karanta haruffan bango har layin ƙasa, ta auna hawan jininta, ta ɗiga jinin yatsa a na'urar sukari. Sannan ta sa hannu, ta buga hatimi da ƙarfi har kofin alƙaluma ya yi tsalle.

"Ki ajiye ruwan sanyi kusa da sitiyari saboda zufa," ta ce. "Allah ya tsare hanya, Direba."

Yaya tana layin awo, ta ce su tafi, mijinta zai zo ya ɗauke ta. Uwar Biyar ta fito ita kaɗai. Daga nesa ta hango Likita tsaye a jikin a-kori-kura cikin rana, ga inuwar bishiya taku uku daga inda yake bai shiga ba. Ta shirya masa maganganu tun daga ɗakin hoto, masu zafi da masu daɗi, ta jera su yadda za ta sake su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a gabansa, ta goya hannu a baya, ta zagaya shi sau ɗaya a hankali.

"Likita," ta ce, "saniyarka ba ta da ciki."

Ya zuba mata ido.

"Girma ne. Al'ada ce ke sallama. An yi fitsari, an yi hoto, an ce ko alama babu. Shekara talatin ba kuskure, yau ga shi a gidanka."

Ta jira gardama. Ta jira ya ce na'urar ta lalace, ko likitar yarinya ce. Sai ta ga ya zauna a kan bamban motar, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Kafaɗunsa suka fara rawa, kuma ba dariya ba ce.

"Kai, Likita. Mutane na kallo."

"Su kalla." Muryarsa ta fito daga cikin hular a dakushe. "Ni na tsaya a barandar nan ranar Auta. Ni aka ce in nemo masu ba da jini. Tun da na ce wata uku ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Na ƙi kawo ki ne don kada su tabbatar min."

"To fiton fa? Da Uwar Shida?"

"In kin ga tsorona, ke wa zai riƙe ki?"

Duk maganganun da ta jera suka watse. Ta zauna kusa da shi a kan bamban mai zafi, kafaɗa da kafaɗa, ta bar shi ya gama. Tana jin haushinsa, tana jin tausayinsa, tana kuma jin son tsohon nan mai taurin kai fiye da yadda ta ji a shekarun nan.

Ya share fuska, ya mayar da hula a karkace. "Ki faɗa wa kowa," ya ce. "Ki faɗa a garke, ki faɗa wa mai kantin magani. Ban taɓa jin daɗin abu kamar kuskuren nan ba."

"Kada ka damu, Yaya ta riga ta fara."

Ya yi dariya mai haɗe da tari. Ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya nufi ƙofar direba. Uwar Biyar ta zare shi daga yatsunsa.

"Zagaya," ta ce. "Kuma ba gida za mu ba. Ana tashin makaranta ƙarfe ɗaya."

Ta hau, ta gyara madubi, ta miƙa masa takardar mai hatimi ta ce ya riƙe mata. Ta tayar da mota, ta fita daga tsakanin motoci biyu da baya a juyi ɗaya, ta hau titi ta sa giya ta uku. Iska ta shigo ta tagogin da ba sa rufuwa, ta bushe mata zufa. Ramin farko da suka faɗa, Likita ya buɗe baki zai ce a hankali, sai ya rufe. Ya kwantar da takardar a kan gwiwarsa, ya danne ta da hannu biyu don kada iska ta ɗauke.